Shirun Inbata

A shekarar da huhun Mama ya gaza, rayuwar gidanmu a Agege ta rataya a kan wata baƙar inbata, na'urar da ke ba mu wuta in an ɗauke, da ke tsugune a lungun da ya raba ɗakina da nata. Batura biyu ne a ƙarƙashinta, da faifan sola a kan rufin kwano. A layinmu ɗauke wuta ba labari ba ne, kawowar ce labari, don haka kusan kullum inbatar nan ce ke riƙe da mu daga safe har dare.

Mama ta yi shekaru tana sayar da tuwo a bakin kwata. Mahauta da 'yan dako da masu motocin danfo duk sun ci daga hannunta, kuma da tuwon nan na yi karatu har na san abin da ake kira kwamfuta. Itace take hurawa, wani lokaci ɗanye, a cikin rumfar da iska ba ta ratsawa. Da tari ya ƙi ci ya ƙi cinyewa, likita ya ce hayaƙi ya gama yin ɓarnar da zai yi, abin da ya rage shi ne a taimaki huhun da injin oksijin. Injin bai kai ƙaramin firiji ba. Yana zaune a gefen gadonta yana gurnani a hankali, da 'yar koriyar fitila a goshinsa, wata siririyar roba ta taso daga jikinsa ta zagaya kunnuwanta ta shiga hanci. In ya tsaya, ba a daɗewa leɓɓanta su fara duhu, maganarta ta koma guntu-guntu. Likita ya ja mana kunne cewa duk lokacin da ta zauna ba iskar nan, zuciyarta ce ke shan wahalar, kuma zuciya ba ta mantuwa.

Ni ce auta, kuma ni ce a gida, saboda aikina ba ya buƙatar fita. Wani kamfani na ƙasar waje nake yi wa aiki, ina rubuta abin da a sana'armu ake kira direba. Wata 'yar manhaja ce da ke shiga tsakanin babbar manhajar da ke tafiyar da kwamfuta da wani sashe na jikin kwamfutar, ta yi musu tafinta. Nawa direban na firosesa ne, wato ɗan guntun abin nan da ke yin duk lissafin kwamfuta, wanda kuma ya fi kowane sashe cin wuta. Aiki biyu aka ce ya yi. Ya riƙa faɗin yawan wutar da firosesar ke sha, sannan ya iya sa mata iyaka in aka ce kada ta wuce kaza.

Sun aiko mini da kwamfutar gwaji, na je Ikeja na karɓo ta a kwali, na rungumo ta a danfo kamar jaririya. Tsirara ta zo, ba murfi, sai koren allo da wayoyi da wata ƙatuwar fanka a bisa firosesar. Irin wadda ake jerawa a manyan ɗakunan ajiyar bayanai ce, masu sanyi, ba a yi ta don ɗakin haya ba. In tana zaune ba aiki, lafiya lau. Amma ba yadda za a yi ka san iyakar da ka sa ta kama sai ka ɗora wa firosesar aiki mai nauyi, ka bar ta ta nemi wuta iya ƙarfinta na wani lokaci, ka ga ko za ta tsallake. Wannan shi ne gwaji, kuma a nan matsalata take.

Inbatarmu tana da abin da za ta iya ɗauka. Injin Mama, fankar ɗakinta, ƙwan fitila, 'yar kwamfutar da nake rubutu a kai, duk wannan ba ta cewa komai. In kaya suka yi mata yawa sai ta fara wani siririn kuka mai huda kunne, in ba a rage ba ta kashe komai gaba ɗaya. Na san haka a kai, amma ban san shi a jiki ba sai ranar da na fara gwaji.

Da hantsi ne. Na tayar da gwajin, fankar ta ɗauki ruri, inbata ta yi kuka, kafin in miƙe daga kujera gidan ya yi ɗif. Sai ƙarar gargaɗin injin Mama, wadda yake yi in wuta ta yanke masa ba zato. Na yi tuntuɓe da bokiti a lungu, na yi ta lalube na kasa gano makunnin inbatar, da na gano kuma ta ƙi tashi sai da ta ga dama. Muna da wata ƙaramar tukunyar iska da muke ajiyewa don zuwa asibiti, amma ko tunawa da ita ban yi ba. Na dai leƙa ɗakin na ga Mama ta dafe gado da hannu biyu, kafaɗunta na hawa suna sauka, tana kallona tana ƙoƙarin yi mini murmushi. Tun daga ranar tsoro ya shige ni, bai kuma fita ba.

Duk wanda ya ji labarin sai ya ce a tayar da janareta mana. Likita ya hana, tsakar gidan kuwa ba ta fi a shimfiɗa tabarma uku ba, hayaƙin na maƙwabta ma da ke shigowa ta taga ya ishe mu. Babbar inbata kuwa, ƙarfinmu ya ƙare a kan wannan da injin. Na gwada jiran wutar gwamnati. In sun kawo, kafin gwaji ya kai rabi sun ɗauke, kayan duka su faɗo kan inbata, mu koma gidan jiya. A taron da muke yi ta bidiyo, ogana yana tambaya me ya tsayar da aikin, ni kuma ina cewa ana kai, don girman kai bai bar ni in gaya wa mutumin da ke zaune a ɗaki mai haske cewa numfashin uwata da kwamfutarsa waya ɗaya suke sha ba. Ya nuna mini a fakaice cewa zamana da su ya dogara da wannan direba. Na duba na ga mafita ɗaya ce. Kamfanin ya ba ni lambar da zan gwada iyakar a kanta, kuma a lissafina inbata za ta ɗauki wannan lambar tare da injin Mama har da saura. In dai iyakar ta kama, shi ke nan. Abin da aka ɗauke ni in rubuta shi ne zai ba ni damar gama rubuta shi.

A wannan tsakanin na zama 'yar sandan soket. A Legas duk wanda ya shigo gidan da ke da wuta, bayan sallama da gaisuwa abin da zai fara nema shi ne inda zai sa caji, masu zuwa dubiyar Mama kuwa ba su da iyaka. Matan unguwa, tsofaffin masu cin tuwonta daga kwata, matan masu gadi 'yan Nijar da ta riƙe kamar 'ya'yanta, kowa da wayarsa, wasu har da fitila da 'yar fanka a jaka. Na bi soket-soket na manne da salatif. Wata goggonmu da ta taso tun daga Sabo Yaba ta ga haka ta ce ita ba ta taɓa ganin gidan da ake hana baƙo wuta ba, ko a zamanin garwashi ana ɗiba a maƙwabta. Na ce mata garwashi ba ya kashe injin oksijin. Ta tafi ba ta taɓa abincin da aka ajiye mata ba. Mama ba ta yi mini faɗa ba, amma ta yini ba ta kalle ni ba, don a wurinta gara ta kwana da yunwa da a ce baƙo ya fita gidanta da ɓacin rai. Tana cikin matan nan masu kara, waɗanda in ka taka musu ƙafa su ne za su ce maka sannu.

Yayana yana aiki a Apapa wajen masu tankar mai, cunkoson hanya kan sa sai ƙarshen mako muke ganinsa. Wata Asabar yana gida na yi gwaji, inbata ta yi kuka, na yi maza na tsayar kafin ta kashe. Ya fito ya tare ni a lungu.

"Abeg, Auta, fitar da abin nan daga gidan nan. So kike ki kashe Mama?"

Kaina ya ɗau zafi. Na ce masa abin nan da yake rainawa shi ya kawo injin, shi ke kawo magani, in suka sallame ni ya gaya mini da me za a ci gaba. Na ce shi yana can Apapa yana barcinsa lafiya, ni ce ke nan kunne a buɗe dare da rana. Ya ce aikin da zai sa a riƙa caca da ran Mama ba aiki ba ne. Na ce to ya zo ya zauna ni in tafi Apapan. Daga nan na fashe da kuka, abin da na fi tsana in yi a gabansa. Duk wannan a lungu muke yi, labule kawai ya raba mu da gadon Mama. Da muka shiga daga baya mun same ta ta juya fuska bango, muka ɗauka barci take yi.

Na duƙufa. Yadda ake sa wa firosesa iyaka ba wani sihiri ba ne. A cikinta akwai wasu ƙananan gurabe, kowane da lambarsa. Wani gurbin yana ƙirga wutar da ta sha, yana juyawa kamar mitar gida, shi direba ke leƙawa ya faɗi abin da ake ci. Wani gurbin kuma kai ne za ka rubuta lamba a ciki ka ce nan ce iyaka. Sai dai lambobin ba da wat suke ba, wato ma'aunin wutar da aka saba da shi. Kowace firosesa tana da nata ma'aunin, kamar yadda kowace kasuwa ke da mudunta, kuma direba ne zai juya su zuwa wat ɗin da mutane suka sani. A lokacin takardun sabuwar firosesar ba su kammala ba. An ce mini ƙanwar wata tsohuwa ce da kowa ya sani, gida ɗaya suka fito, sai na ɗauki mudun yayar na yi aiki da shi, wajen awo da wajen iyaka duka.

Rubuta direba ba kamar rubuta sauran manhajoji ba ne. Wata manhajar in ka yi kuskure ita kaɗai za ta mutu, ka gyara ka ci gaba. Direba a can cikin cikin kwamfuta yake zaune, in ya yi tuntuɓe da kowa yake faɗuwa, allo ya sandare, sai an kashe an kunna. Kunnawar kuma ita ce tashin hankalina, don kafin direban ya farka ya kama aiki, firosesar tana jan wuta yadda ta ga dama. Na koyi karanta kowane layi sau da yawa kafin in gwada shi, ina motsa baki kamar mai tilawa.

Kafin kowane gwaji sai na leƙa ɗakinta na ce, "Mama, zan tayar." Ta ce Allah ya ba da sa'a. Na ɗauki wannan ɗabi'a ce don kada kukan ya firgita ta, na kuma ce mata in ta ji wani abu ta buga bango, saboda daga ɗakina in fankar nan ta tashi, ga janaretocin maƙwabta, ba na jin gurnanin injinta. Sai in koma in zauna, yatsa a kan maɓallin tsayarwa, kunne a lungu. Allo yana nuna mini cewa firosesar na zaune lafiya a kan iyakar da na sa mata, inbata kuwa ta ci gaba da kukanta. Na zargi batura. Na zargi wayoyin gidan, waɗanda sun girme ni. Na zargi wanda ya haɗa mana sola, na zargi hadarin da ke rufe rana, ban bar kowa ba sai lambar da ke gabana, don ni na rubuta abin da ke fito da ita.

Abinci ya fita raina. Na fara jin kukan inbata a inda babu shi, a ƙarar motar da ke ja da baya a layi, a wayar maƙwabciya, a usur ɗin mai tallan burodi, har a cikin salla, sai in idar a gaggauce in fito lungu in tarar ba komai. In na fita sayen magani a bakin titi, rabin hanya sai zuciyata ta ce mini na bar kwamfutar a kunne, in juyo da sassarfa alhali na san na cire ta da hannuna. Zanena ya fara yi mini yawa. In na kai wa Mama kunu sai ta bi ni da kallo, ta ce in zauna mu sha tare, in ce mata sai na gama.

Wata safiya na sauya wani ɗan abu a rubutun, na sa direban ya fara rubuta iyakar sannan ya kunna ta, maimakon ya kunna sannan ya rubuta. Abu ne da bai kamata ya canza komai ba, amma wanda ruwa ya ci ko takobi aka miƙa masa kamawa zai yi. Na sanar da Mama, na tayar. Fanka ta yi ruri. Na jira kukan. Shiru. Gwajin ya tafi har ƙarshensa, fankar ta sauke murya, inbata ko tari ba ta yi ba. Na sake sanarwa, na sake tayarwa, shiru. Na yi sujada a kan simintin ɗakina. Na shiga wajen Mama baki har kunne, injin na gurnani, robar na hancinta, na ce mata abin ya yi. Ta ce alhamdulillahi, muryarta can ƙasa, ta ce to yanzu in je in ci abinci.

Na ci kuwa, har da ƙari. Na kira Yaya na kara wayar a jikin inbata ana tsakiyar gwaji don ya ji shirun da kunnensa, ya yi dariya ya ce, "Oga Auta, na sara miki." Na ɓare salatif daga soket ɗaya saboda baƙi. Na ci gaba da gwaji safe da yamma, har na ƙara masa tsawo, tunda yanzu ba abin tsoro.

Abin da ya hana ni sakewa gaba ɗaya shi ne jikin Mama. Ta fara yawan barcin rana, tana kukan ciwon kai, ƙafafunta suka ɗan kumbura. Takan fara magana ta manta inda ta nufa. Akwai wani ɗan abu da ake maƙala mata a yatsa ya nuna yawan iskar da ke jininta, ina gwadawa da sassafe da kuma in za ta kwanta, kullum lambar ba laifi. Na kira likita, ya tambaye ni ko injin yana tsayawa. Na ce masa da ƙarfin gwiwa ko sau ɗaya bai tsaya ba tun da na gyara abina. Ya ce in abin ya ci gaba a kawo ta. Na ɗora laifin a kan zafin gari, amma hankalina bai kwanta ba, ina yi ina leƙa ta.

A sana'armu ba a karɓar aiki don mai shi ya ce ya yi kyau. Sai ka aika shi ta imel zuwa wani zaure da masu kula da babbar manhajar ke taruwa, su bi shi layi-layi a bainar jama'a, kowa na gani. Na aika nawa, na rubuta a ƙasa cewa an gwada shi a kan na'ura ta gaske, ya yi aiki. Wanda ya amsa wani mutum ne da ban taɓa gani ba, ban san ko tsoho ne ko matashi ba, an dai san shi da rashin ɓata kalma. Ba sallama, ba gaisuwa. Ya ce ma'aunin da na ɗauka na tsohuwar firosesa ne, na sabuwar ya ninka shi, kuma tana faɗin nata da kanta a wani gurbi da ban karanta ba. Saboda haka abin da direbana ke nunawa rabin abin da ake sha ne, iyakar da yake sawa kuma ninkin abin da nake zato ce, kusan daidai da ba a sa ba. Ya rufe da tambayar da me na auna har na ce ya yi aiki.

Raina ya ɓaci. Na fara rubuta masa amsa mai zafi, cewa shi yana can inda wuta ba ta ƙiftawa, ni kuwa ina da shaidar da ta fi takarda, don inbatar gidanmu da ke kuka ta daina. Na kai rabi na tsaya, na ce bari in karanta gurbin nan in tura masa lambar ya ji kunya. Na karanta. Gaskiyarsa ce.

Bayan azahar ne. Na zauna ina kallon lambar. Da farko kunya ce ta kama ni, irin ta wadda aka kwance wa zane a kasuwa. Sai wani abu ya biyo baya da ya fi kunya sanyi. In firosesar tana shan wuta yadda take sha tun farko, to kayan da ke kan inbata ba daga wajena suka ragu ba. Na ce ko abin kukan ne ya lalace, amma da haka ne da ta kashe gidan kamar ranar farko, ba ta kuwa kashe ba. Ruwa ba ya tsami banza. Wani abu ne ke sauka daga kan layin duk lokacin da na tayar da gwaji, kuma a gidan nan abu ɗaya ne kawai yake da nauyin da saukarsa za ta isa.

Na tashi. Na leƙa na ce, "Mama, zan tayar." Ta ce Allah ya ba da sa'a, kamar kullum. Na koma na tayar, na bar fankar ta kai ƙarshen rurinta. Na cire silifas na bi lungu a hankali, na wuce inbata tana zaune shiru, na ɗaga gefen labule.

Injin a kashe yake, koriyar fitilar ta mutu. Mama tana zaune a bakin gado ta sunkuyo gaba, robar tana nan a hancinta ba komai a ciki. Ta tsuke baki tana fitar da numfashi a hankali kamar mai hura koko. Idonta a rufe, kanta a karkace wajen bangon ɗakina, tana sauraron fankata. Hannunta ɗaya yana kan makunnin injin.

Ban san na yi ƙara ba sai da ta buɗe ido. Na faɗa kan injin na kunna, nan take inbata ta ɗauki kuka, na ruga ɗakina na fizge fulogin kwamfutar daga bango na dawo. Na maƙala mata abin yatsan. Lambar da ya nuna ban taɓa ganin irinta ba, ba kuma na son in tuna ta. Na durƙusa na riƙe gwiwoyinta muna jira, ni ina kallon lambar tana hawa da ƙyar, ita tana kallon gefe kamar wadda aka kama tana satar nama a tukunya.

Da ta samu numfashin magana, abin da ta fara tambaya shi ne, "Gwajin naki ya lalace ke nan?"

Na ce ya lalace.

"Da kin bari. Saura kaɗan ya ƙare. Na san tsawonsa."

Na tambaye ta tun yaushe. Ta ce tun ranar da na yi kuka a lungu take tunani. Ta lura sai na ce zan tayar abin nan ke kuka, ta kuma san injinta ne babba a cikin masu cin wutar. Sai rannan ta gwada ta gani. Ta ji shiru, ta ga na shigo ina dariya, ta ga na ci abinci. In fankar ta sauke murya sai ta kunna, ta gyara zama kafin in iso. Da na ƙara wa gwajin tsawo ta ɗan sha wuya, in ji ta, amma mutum yana sabawa. Tana faɗa tana hutawa, ba alamar ta ga wani laifi a ciki.

Na ce, "Mama, kin manta abin da likita ya ce ne? Zuciyarki fa."

"Ban manta ba. To ke fa? Ina kwance ina shan wuta, kina can kina ƙarewa. In suka kore ki a kaina, da wane ido zan kalle ki?"

Na ji haushinta kamar in yi ihu, na ji tausayinta, amma abin da ya fi yawa tsoro ne. Na tsare batura, na tsare soket, na ɓata da goggo, na ɗaure firosesa, ashe hannun da zai kashe injin yana kan gadon. Kuma na gane ko za ta shiɗe ba za ta taɓa buga bangon nan ba.

Washegari muka kai ta asibiti a keke-napep, ƙaramar tukunyar iskar a cinyata. Likita ya daɗe yana sauraron ƙirjinta, ya ƙara magani, ya ce ba zai iya ce mana ga abin da kwanakin nan suka yi wa zuciyar ba, sai dai mu sa ido. Gyaran direban kuwa bai fi 'yan layuka ba, na sa shi ya tambayi firosesar mudunta maimakon ya ɗauka ya sani. Na samo mitar da ake sawa a soket na auna wutar daga waje, lambobin suka zo daidai, na rubuta wa mutumin nan na yi masa godiya. Iyakar ta kama da gaske, inbata ta ɗauki kayan biyu ba kuka.

Amma ban sake yin gwaji daga ɗakina ba. Na kinkimo tebur da kwamfutar na kafa su a ɗakin Mama, na ja injin iyakar tsawon robarsa, na juya shi yadda makunnin ke fuskantata, nesa da inda hannunta zai kai. Tana kallona ina jan wayoyi har na gama na zauna. Sannan ta yi magana a hankali.

"Auta, yanzu ni ce ba a yarda da ni ba?"

Na so in ce mata ɗakina ne ya yi zafi, ko ina so ne in riƙa taya ta hira. A gidanmu ba a taɓa ba babba irin wannan amsar ba. Na ce, "E, Mama."

Ta kawar da fuskarta. Na tayar da gwajin, fanka ta ɗauka, kuma ta cikin rurin ina jin tana kuka a hankali. Ban tashi na mayar da injin kusa da ita ba.